Baba Ya Ce In Binciko Masa Wanda Ya Yi Feshin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ƙaramar hukuma, ina haya a Madabo, ɗaki ɗaya. Tunda matata ta rasu shekara uku ke nan ni kaɗai nake, ba ɗa, dangi kuma sai sallah muke gaisawa. Mutum ɗaya ne ya ja ni a jiki, wani dattijo maƙwabcina, Baba nake ce masa. Kullum bayan la'asar zai fito da kwanonsa zaure ya aika a kira ni, in na yi nawa ya ce gwauro har da yanga. Tumaki huɗu gare shi, kullum da safe yana ɗaukar lauje ya je bakin titi wajen Ƙofar Ruwa ya yanko musu ciyawa.

Da damina ta kankama sai ofis suka sayo maganin kashe ciyawa, aka ce a daina nome gefen titi, feshi za a dinga yi. Aka ɗauke ni daga ofis aka goya mini tanki. Gaskiya kunya ta kama ni, a unguwa kowa ya san ni da ma'aikacin sakatariya, ban gaya wa kowa ba.

Ranar da muka yi layin Ƙofar Ruwa, ina sanye da takunkumi da hula, sai ga Baba da laujensa zai koma gida. Ya yi mini sannu da aiki, bai gane ni ba. Ni kuma don kar ya ji muryata, hannu kawai na ɗaga masa. Kalma ɗaya fa, in ce Baba kar ka ƙara yanka a nan, amma girman kai ya rufe mini baki. Na ce a raina ai zai ga ciyawar ta ƙone. Ashe ba nan take take bushewa ba. Da yamma ya koma ya ƙaro, tana nan shar da ita.

Tumaki uku suka mutu, har da mai ciki. Dattijon nan na gani yana share hawaye da bakin rigarsa. Daga baya da ciyawar ta yi ja ya gane abin da ya faru. Ya ce shi ba ya jayayya da ƙaddara, amma wanda ya gan shi da lauje ya yi shiru, bai yafe masa ba. Kullum sai ya maimaita, hannuna yana cikin kwanonsa.

Jiya kuma ya ce tunda ni ɗansa ne kuma a sakatariya nake, in binciko masa sunan mai feshin, ba ƙara zai kai ba, so yake ya kalli idonsa kawai. Na ce to.

In na faɗa, ina tsoron in rasa mutum ɗaya tak da yake tambaya ko na ci abinci. In na yi shiru, ina cin tuwon wanda bai yafe mini ba. Jama'a ya zan yi? An kusa kiran la'asar, kuma na san yau ma zai aiko.