Faɗin Tabarma Tsakanin Gado da Gado

Malama Hadijatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, kaina ya ɗaure.

Ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da uku, ina aiki a ofishin wani mai zanen gine-gine a nan Gombe. Zan kira shi Malam Bamanga, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Shi ya ɗauko ni daga makarantar koyon sana'a, shi ya koya mini riƙon rula, har yau a gidansa nake cin tuwo. Ban taɓa musa masa magana ba.

Bara, da kuɗin man fetur ya fara zagayawa, wasu attajiran gari suka haɗu za su gina asibitin yara a unguwar Manawashi, suka ba shi aikin. Ya ce ni zan zana ɗakin kwantar da yara, in yi shi yadda na ga ya dace. Ranar ko abinci kasa ci na yi don murna.

Goggona Asta ta taɓa jinyar jikanta wata guda a asibiti, a zaune take barci. Ita ta tara mini matan unguwarmu da wasu na rugage, matan da ko gaisuwa ba sa tsayawa yi da namiji, suka zauna a tsakar gidanta suka faɗa mini cikinsu. Kukansu ɗaya ne, babu wurin shimfiɗa. Uwa in ta kwana uku ba ta miƙe bayanta ba, ga wani goyon, sai ta saɓi marar lafiyan ta koma gida, magani bai ƙare ba. Na je kasuwa da tef na auna tabarmi sun fi ashirin, masu sayarwa suna ta yi mini dariya. Na bar faɗin tabarma ɗaya tsakanin kowane gado da na kusa da shi, ɗakin ya ɗauki gado arba'in. Na koma na ce wa matan an gama. Goggo har fura ta aiko mini ofis.

Shekaranjiya aka dawo da zanen daga Kaduna, inda aka kai shi bugawa. Ina buɗewa na ga gado sittin, tsakaninsu ko mutum ɗaya sai ya karkace zai wuce. Malam ya sake shi bai gaya mini ba, alhali teburinsa na jikin nawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, sunana na nan a ƙasa, wai ni na zana. Da cire shi ya yi ya sa nasa, da na fi samun sauƙi. Kuma ya ce ranar Alhamis ta ƙarshen wata ni zan tsaya gaban kwamitin attajiran in yi bayani, don a san ni.

In na yi bayanin, na ci amanar matan nan. In na faɗi gaskiya, na kunyata wanda ya rene ni a gaban manyan gari. Wani abokina ya ce in ajiye aikin in tafi Bauchi, sabuwar jiha tana neman masu zane ido rufe. Kwana biyu ke nan ina bi ta bayan masallaci don kada in gifta ƙofar Goggo. Yaya zan yi?

Mai Zane, Bagadaza

Ƙanena Mai Zane,

Awon tabarmin nan ya faranta mini rai ƙwarai. Haka ake so mai ilmi ya yi, ya tambayi masu shiga ɗaki kafin ya zana ɗakin.

Malam bai kyauta maka ba. Duk wanda sunansa ke kan aiki, haƙƙinsa ne a gaya masa in an taɓa aikin. Amma ka tuna lokacin ƙyanda, yadda ake mayar da yara daga bakin ƙofa don babu gado. Yara ashirin ɗin da ya ƙara su ma suna da iyaye. Mai yiwuwa kwamitin ne ya matsa masa, ya ji nauyin faɗa maka, domin manya ma suna jin kunyar na ƙasa da su. Kai ma kana da naka laifin: ka ce wa matan an gama tun ba a sa hannu ba.

Kada ka tafi Bauchi. In ka tafi, gado sittin za a gina, da sunanka a ƙasa. Kada kuma ka tona shi a gaban mutane.

Ka zauna ka yi zane na uku. Ko a rage gadon zuwa hamsin, ko a fitar da baranda mai faɗi a jikin ɗakin, da tagogi ƙasa-ƙasa yadda uwa tana kwance za ta hangi ɗanta. Ka fi ni sanin wanda zai yiwu. Sannan ka nemi wata tsohuwar nas ta rubuto maka abin da ta gani da idonta: yaran da aka gudu da su magani bai ƙare ba, da yadda cunkoso ke sa yaro ya zo da cuta ɗaya ya ɗauki ta biyu. Attajirai suna jin maganar nas.

Ka sami Malam a gida bayan la'asar, ba a ofis ba. Tambayarsa za ka yi dalili, ba tuhuma ba, sa'an nan ka roƙi ya bar ka ka nuna wa kwamiti zane biyu su zaɓa. In ya ƙi, ka roƙe shi cikin ladabi ya cire sunanka ya yi bayanin da kansa, ka ci gaba da aikinka.

Goggo kuwa, yau ɗin nan ka je. Ka faɗa mata yadda aka yi da abin da kake shirin yi, ta ji daga bakinka tun ba a zuba harsashin ginin ba. Za ta yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha.

Allah ya daidaita tsakaninka da malaminka, ya ba yaran Gombe lafiya.

Yayarka,
Hadijatu