Goma Sha Tara cikin Talatin

Tulus, Faransa

Inna,

Gaisuwa da ladabi. Ya ƙafar taki?

Binciken da nake yi kan allon na'urar da matuƙan jirgin sama ke dubawa ya kawo ni kan haɗarin jirgin da marigayi Yaya Abdurrazak ya tuƙa. Rahoton farko ya ce kuskurensa ne. Ni ina zargin tsarin allon. Ina neman izininki in saka sunansa a aikina.

'Yarki,
Khadija

Matameye

Khadija,

Bayan sallama, ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Kafin ki ɗora wa maƙeran na'ura laifi, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ana jibi zai tashi, na kira yayanki na ce ƙafar ta kumbura. Kumburi ne kawai, ba ciwon kirki ba, ganinsa nake so. Ya biyo mota tun daga Yamai, ya kai ni asibitin Damagaram, ya juya ko furar da na dama bai sha ba. Da wannan gajiyar ya hau jirgi.

Shekara shida ke nan. In mutane sun ce ƙaddara sai in ce haka ne, kuma haka ɗin ne, amma na san wadda ta kira shi. Kada ki shafa wa bayin Allah abin da ba su yi ba, ko da ba mu san su ba.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki

Tulus

Inna,

Na yi kuka, amma ki saurare ni. Muna da jirgin gwaji wanda ba ya barin ƙasa. Mun zaunar da matuƙa talatin, kowa ya huta ya ƙoshi, muka ba su irin yanayin da Yaya ya shiga. Maɓalli biyu ne dab da juna, kamarsu ɗaya. Goma sha tara suka danna wanda ya danna. Ba ke ba ce, Inna.

Khadija

Matameye

Khadija,

Bayan sallama. Na karanta sau uku. Ki saka sunansa, a raba maɓallan nan, kada wata uwa ta zauna irin zamana.

Amma ki rubuta har da gajiyar, da dalilinta. Na lissafa da yatsu, goma sha ɗaya ba su yi kuskure ba. Da na bar shi ya huta, ban san a wane ɓangare zai kasance ba. Ke ma ba ki sani ba.

Allah ya jiƙansa.
Innarki