Ƙunshin da Ke Ƙasan Firiza

Yaya Bushira,

Sallama da gaisuwa daga Randagi. Tunda babu sabis, na ba mai babur wannan. Naman sunan jikana yana firizarki, ga shi an ce maƙwabciyarki Rifkatu ma ta ajiye baƙar leda a ciki. Kin buɗe kin gani? Kin dai san abin da ake ci a garinsu. In alade ne, ba mai cin naman nan a gidana. Ki sa wuƙa ki ɓamɓaro ledar yau.

Ƙanwarki, Huraira

Huraira,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Gaskiya ban buɗe ba, amana ce aka ba ni. Amma maganarki ta hana ni sukuni, har na tuna yadda ta sunkuyar da kai ranar da ta kawo. Ƙanƙara ta binne ledar a can ƙasa. Ba zan sa wuƙa ba, kada in huda bututun gas namanki ya lalace gaba ɗaya. Na kwashe naki na zuba a kula, na kashe firizar, na bar murfin a buɗe. Sai ƙanƙarar ta narke.

Yayarki, Bushira

Yaya,

Ina gaisuwa. Ke komai sai a hankali! Suna jibi ne fa. Kuma me ya sa ba ta taɓa zuwa ɗauka ba? Mai abin kirki ba ya manta shi wata da watanni.

Huraira

Huraira,

Bayan sallama. Na wuni ina tsane ruwa da tsumma, ina wanke hannu duk lokacin da na taɓa. Bayan la'asar ledar ta saki. Cinyar ragon layyarmu ce, wadda na ba ta da Sallah, har da ƙullin da na yi da hannuna.

Ina riƙe da ita Rifkatu ta shigo. Ta zaci shara nake yi. Ta ce, "Mama, a mayar da sauri kada ya lalace. Na Micah ne, sai ya dawo zai ci." Kin san mijin nata yana hannun mutanen daji tun damina.

Ta karɓi tsumman ta taya ni goge ƙasa, tana yi min sannu. Na kasa ɗaga ido.

Namanki zai iso gobe da safe. Allah Ya yafe mana.

Bushira