Tara Ko Takwas

Gidan Amumune, 15 ga Oktoba, 2006

Zuwa ga ƙawata Amatullahi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da mutanen Tasawa baki ɗaya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, gero ya shiga rumbu, mun koma lakwal, makarantarmu ta firamare. Bana ma aji shida aka bar mini, ɗiyata Asiya tana ciki.

Kin tuna Hamida, 'yar gidan Ishaƙu mai gyaran keke, wadda na koya wa riƙon alli? Ita ce yanzu malamar aji biyar, ga tabarau ga rediyo a jaka, ana ce mata Madam kamar ni. Ranar da muka koma, a gaban Mushe Hashimu shugaban lakwal, ta ce ta ji a rediyo masana sun taru a Turai sun cire Pluton daga cikin duniyoyi tara masu kewaya rana. Wai ta yi ƙanƙanta, wada ce, saura takwas.

Shekara goma sha tara ina koyar da tara. Kin san yadda nake yi. In fito da yara fili, in tsayar da ɗaya a tsakiya shi ne rana, tara su yi ta kewaya shi suna waƙa, mafi ƙanƙanta a aji shi ne Pluton can kusa da katanga. Ita kanta Hamidar ta taɓa zama Pluton ɗina, da majina a hanci.

Zance ya kai har kasuwa. 'Yan kabu-kabu duk wanda mai moto ya ƙwace wa moto sai su ce an yi masa Pluton. Tsofaffin gindin dogon yaro suna tambayar laifin da ta yi aka tuɓe ta. Zara'u mai kawo mana nono ta ce ita dai ko gajeriyar saniya tana ƙirga ta cikin garke. Liman ya ce Pluton tana nan inda Allah ya ajiye ta, kowa ya kama harkar gabansa. Ni kuwa na ce littafin da ke hannuna tara ya rubuta, ba a aiko mini da wani ba.

Amma ba Pluton ke cin raina ba, Asiya ce. A watan Maris za a yi gasar 'yan lakwal a Mayahi, wanda ya zo na ɗaya shi zai je Maradi ya wakilci yankinmu. Asiya aka zaɓa daga garinmu, ba ta da zance sai na Maradi, garin da ba ta taɓa gani ba. Sai Mushe Hashimu ya ce Hamida ce za ta shirya ta, ina zaune. Yanzu ko tuwo muke ci, Madam Hamida ta ce kaza, Madam Hamida ta ce kaza. Ɗiyar da na haifa ta daina kawo mini tambaya.

Ki gaishe mini da kowa.

Taki,
Rakiya

Gidan Amumune, 10 ga Disamba, 2006

Ƙawata Amatullahi,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan yara suna lafiya. Direban motar Tasawa ya kawo mini takardarki. Ashe ke ma kin koma takwas? Sannu da ci gaba. Kin ce in sauke kai tunda labarin gaskiya ne. Na sani, Amatullahi. Tun makon farko na sa Mumuni maigidana ya tambayo mini a Mayahi, ya dawo ya ce haka ne. Da daga bakinki na fara ji, da tuni na gyara waƙar. Daga bakin Hamida ne ba zan iya haɗiyewa ba.

Bari in faɗa miki abin da na yi. Na ba 'yan ajina jarrabawa, da gangan na sa tambayar a ciki. Yara hamsin da biyu suka rubuta tara, Asiya kaɗai ta rubuta takwas, har ta ƙara bayani a ƙasa da kyakkyawan rubutunta. Na ɗauki jan biro na dangwara mata sifili, na karanta a gaban aji, aka yi dariya. Da muka koma gida na ce ta faɗa mini uwa nawa gare ta, in kuwa ta sami sabuwa ta kwashe kayanta ta koma can. Ta ɗauki tsintsiya ta yi ta sharar tsakar gidan da aka riga aka share.

Washegari sai ga Hamida har gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce in ta yi mini laifi in yafe, duk abin da ta sani a hannuna ta fara. Ladabin ma haushi ya ba ni. Da rashin kunya ta yi mini, da na sami abin riƙewa. Ga shi kitson da ke kan Asiya yanzu ita ta yi mata, ya kuma fi nawa kyau.

Kishi nake yi, na faɗa. Mace mai shekara arba'in da huɗu tana kishin yarinyar da ta share wa majina. Kada ki yi mini wa'azi, addu'a za ki yi mini.

Taki kullum,
Rakiya

Gidan Amumune, 18 ga Maris, 2007

Amatullahi 'yar'uwata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Mu jiki lafiya. Jiya muka dawo daga Mayahi, ke kaɗai zan iya rubuta wa wannan.

An cika fili maƙil, malamai da iyaye, aka ba ni kujera a layin gaba. Asiya ta yi ta amsawa ba gargada, lissafi, tarihi, Faransanci, har aka tankaɗe kowa, saura ita da wani yaro daga El Allassane Maïreyrey. Makinsu ya zo daidai, aka ce tambaya ɗaya ta rage, kuma Asiya za a fara yi wa. Mai tambayar ya yi murmushi ya ce duniyoyi nawa ke kewaya rana. Jama'a suka yi dariya, don ba wanda bai ji zancen ba. Na hango Hamida ta fara gyara zama za ta yi tafi.

Asiya ba ta dubi Hamida ba, ni ta duba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce tara. Aka juya kan yaron, ya ce takwas, mutanen garinsu suka ɗaga shi sama.

Muka shiga mota, muka yi nisa a hanyar gida. Na tambayi Asiya a hankali ko mantawa ta yi. Ta ce ba ta manta ba. Ta ce rabin malaman da ke wurin sun san tara nake koyarwa, ba za ta tsaya gaban jama'a ta nuna uwarta ba ta sani ba. Ta faɗa ba hawaye, ta juya tana kallon gonaki. Hamida ce ta yi kukan, a kujerar baya.

Ga abin da ban faɗa wa ko Mumuni ba. Lokacin da ta ce tara, kafin mai tambayar ya girgiza kai, wallahi daɗi na ji. Har na waiga in ga fuskar Hamida.

Wata biyar ina so ɗiyata ta zaɓe ni, ga shi ta zaɓe ni. Jibi yaron nan zai tafi Maradi. Asiya kuwa tun safe ta ɗebo mini ruwa, ta gaishe ni kamar kullum, ni ce na kasa ɗaga kai in dube ta.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Rakiya