Tsakuwar da ke Cikin Kunnena

Umbadda, Omdurman

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Goggo? Ya su Habibu da karatu? Idan kin samu mai zuwa nan daga garin Mai Wurno, ki aiko mini da busasshiyar kuɓewa.

Kada hankalinki ya tashi, na ji sauƙi. Kwana biyar bayan an yi mana allurar sanƙarau, ina kai goshi ƙasa a sallar azahar sai masallacin ya juya da ni. Sati biyu ban je aikin gini ba, salla ma a zaune nake yi.

Likita ya kwantar da ni, ya jujjuya kaina a hankali, jirin ya lafa. Wai wasu 'yan tsakuwoyi ne can cikin kunne, ba su kai ƙwayar yashi ba, suka goce daga mazauninsu. Na ce, "Likita, allurar ce?" Ya ce, "Wataƙila ita ce, wataƙila ba ita ba ce. Ba mu sani ba tukuna." Ke dai ki kai yara a yi musu tasu.

Yaya, shekara ashirin ina yawo a kan katanga, na ɗauka ƙafafuna ke riƙe da ni! Jiya na yi sujada, ƙasa ta tsaya cak. Na daɗe ban ɗago ba.

Ƙaninki,
Labaran