Injin da Ya Fi Labo Iya Zana Ƙwai

Ikko, watan Yuli, 1987

Zuwa ga Malam Sallau na Danja,

Daga Babban Injiniya, shugaban ofishin zanen wayoyin lantarki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara. Yaya damina?

Na rubuto ne kan ƙanenka Labo. Yana nan lafiya, har ya yi kumatu. Shekara uku ke nan da muka ɗauke shi saboda hannunsa na zayyanar allo. Duk inda taswirar waya ke son da'ira mai siffar ƙwai, shi ke zana ta da tawada, ba a taɓa goge masa ba.

To, watan jiya mun sayo inji, wai shi kwamfuta. Ka danna nan, ka danna can, sai ga ƙwai a gilashi. In ya yi ƙiba a matse shi, in ya yi tsawo a rage. Labo ya roƙi a koya masa, amma injin Turanci kawai yake ji. Ƙarshen wata za mu sallame shi. Ya zaga ofis huɗu neman aiki, ko'ina irin injin ake jira.

Ya ce in tambaya, gonarsa ta bakin rafi da ya ba Istifanus aro, an riga an shuka ko? Ya ma san amsar, tunda damina ta yi nisa.

Kada a gaya wa Inna tukuna. Allah ya ba da amfani mai albarka.

Yaya, na san tun layin farko ka gane, Babban Injiniya ba ya rubutu da ajami. Ni ne Labo. Maganar kumatun ce kaɗai ƙarya.