Kwamfutar da Na Kulle

Zuru, farkon damina

Zuwa ga maigidana, Baban Goodness,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya kuma gwiwar nan da ke damunka in an yi ruwa? Mu nan lafiya lau. Tun da ka ce babu sabis inda aka ajiye ku sai an hau dutse, ga takarda ta hannun Kofur Dawuda da zai koma daga hutu.

Albishirinka, na yi maganin kwamfutar da ka bar mana. 'Yarka ta liƙe mata kamar ƙuda a bakin kwanon fura, har tuwo ya fara ƙonewa a gidan nan. Da waƙoƙi take ji da ban damu ba. Samunta na yi tana neman labarin rundunarku, tana duba hotunan gawawwakin sojoji fuska bayan fuska, ga ƙaninta Aaron zaune a cinyarta. Yarinya 'yar shekara sha huɗu! Washegari na hau kabu-kabu da kwamfutar zuwa shagon Cletus mai gyara. Ya saita ta yadda intanet ba zai buɗe ba sai Lahadi bayan sujada, ina zaune a gefe. Lambar sirri kuwa tana cikin kaina.

Goodness ta yi ta roƙo, wai kai tsakiyar mako kake samun hawa dutse. Na ce mata ubanta soja ne, ya san oda. In kana son ganinmu, ka kira ran Lahadi kamar kowane Kirista na gari.

Aaron ya buɗe baki sosai. Duk mai kaki da ya wuce, Baba yake ce masa. Ka kuwa san Zuru, soja ba ya ƙarewa, don haka yanzu ɗanka ya fi kowa yawan ubanni a unguwa. Dariya muke ta yi.

Taka,
Leah

Zuru, tsakiyar damina

Baban Goodness,

Ina gaishe ka, da fatan Allah yana tsare ka duk inda aka kai ku. Ban san ko takardar farko ta riske ka kafin ka kira ba. Ina jin ba ta riska ba.

Ran Larabar da ka kira ina gona wajen noman gero. Sai Lahadi da muka dawo coci na buɗe kwamfuta muka ga kiranka jere, da saƙon da ka bari: ka hau dutse da wannan gwiwar don ka ga yadda Aaron ya girma, za a wuce da ku inda babu sabis ko kaɗan sai bayan girbi. A daidai lokacin yaranka suna ɗakin, Ishaya maigidana, ga wuta, ga data, suna zaune gaban abin da ni na kulle.

Goodness ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi. Ta karanta, ta sake karantawa, ta tashi ta ɗora ruwan tuwo. Daga baya ƙawarta Khairunnisa ta gaya mini dalilin duba gawawwakin nan: sai ta tabbatar ba ka cikinsu take iya cin abinci. Ni kuwa ban taɓa tambayarta ba. Na ga abin da ya tsorata ni, na rufe, na ɗauka na yi aikin uwa. Abin yana cina ƙwarai.

Na koma wajen Cletus ya cire makullin, na ba Goodness lambar sirri. Har yau ba ta taɓa kwamfutar ba. Ni ce yanzu nake zama gabanta in na dawo gona, ko Allah zai sa ka sami wani dutsen.

Jiya a kasuwa Aaron ya ƙwace daga hannuna ya rungume ƙafar wani soja, yana kiran Baba. Mutumin ya ɗauke shi, ya saya masa rake. Da na karɓe shi ya yi ta kuka har gida. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Ga hotonsa nan a ciki. Don Allah ka aiko mana da naka ta hannun duk wanda zai zo hutu. Amma ka cire hular, ka cire kakin, ka sa tsohuwar rigar nan taka ta zuwa coci. Ina so yaron ya koyi fuskarka.

Matarka,
Leah